Abin da Ke Kawo Faɗuwar 'Yan Sakandare a Darussan Kimiyya: Darasi Daga Maiduguri

Kowace shekara, idan hukumomin jarrabawa suka fito da sakamakon 'yan ajin ƙarshe na makarantun sakandare, akan ji koke iri ɗaya a gidaje da yawa na ƙasar nan. Yaro ya ci Hausa, ya ci ilmin addini, ya ci ilmin sha'anin mulki, amma da aka zo kan Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji sai aka tarar ya kasa. Uban da ya sa rai ɗansa zai zama likita ko injiniya sai ya hau faɗa, yana cewa yaro ya yi wasa da karatu. Yaro kuwa ya ɗora laifin a kan malami, malami ya ɗora a kan hukuma, hukuma ta ce iyaye ne ba su kula ba. Haka shekara za ta zagayo, wani ajin ya shiga ɗakin jarrabawa da irin shirin da na gabansa ya shiga da shi.

Maganar kuwa ba ƙarama ba ce. Ƙa'idar shiga jami'a a Nijeriya ga mai son karatun kimiyya ita ce ɗalibi ya sami kiredit a darussa biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Wanda yake son karatun likita, dole sauran ukun su zama Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, in ya rasa ɗaya kuwa ƙofa ta rufe sai wata shekara. Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977 aka kuma yi ta gyara ta daga baya, ta tanadi a ba masu karatun kimiyya kashi 60 cikin ɗari na guraben jami'o'i. To, amma gurbi ba ya cika kansa. A 2014 kashi 31 da 'yan kai cikin ɗari ne kaɗai na waɗanda suka zauna babbar jarrabawar WAEC suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. A 2024 adadin ya haura kashi 72. Wannan abin farin ciki ne, sai dai rahoton da manyan masu duba takardun jarrabawar ke fitarwa bai daina nanata kurakurai iri ɗaya a darussan kimiyya ba, shekara bayan shekara.

Gaskiyar al'amari ita ce, ranar jarrabawa rana ce kawai da faɗuwa ke bayyana, amma tun da daɗewa aka shuka ta. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kimiyya ilmi ne na gani da taɓawa da aunawa, yawancin yara kuwa da kunne kaɗai ake ba su shi, a cikin harshen da ba su gama mallaka ba, a kan tushen lissafi mai rauni.

Dalilin Ɗaukar Maiduguri Misali

An kafa Yerwa a 1907, ta zama mazaunin Shehun Barno, sa'an nan a 1967 Maiduguri ta zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas, a 1976 kuma ta Jihar Barno. Gari ne na ilmi. Akwai Jami'ar Maiduguri da aka kafa a 1975, da asibitin koyarwa nata, da Kwalejin Fasaha ta Ramat, da Kwalejin Horon Malamai ta Kashim Ibrahim, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, ga kuma tsofaffin makarantun sakandare irin su Kwalejin Gwamnati da Kwalejin Gwamnatin Tarayya. A garin ne aka haifi marigayi Farfesa Umaru Shehu a 1930, masanin kiwon lafiyar jama'a wanda har ya shugabanci Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, ya rasu a 2023. Ƙasar da ta fitar da irin wannan mutum, ba mai cewa 'ya'yanta ba su da kan kimiyya.

Har ila yau, ba inda ya fi wannan yanki bukatar masana kimiyya 'yan ƙasa. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. Hamada na matsowa daga arewa. Madatsar ruwa ta Alau na bukatar injiniyoyi, asibitoci na bukatar likitoci da ungozoma da masu gwajin jini. Daɗin daɗawa, duk wata matsala da ke damun koyar da kimiyya a Kano ko Sakkwato ko Zariya ana samun ta a Maiduguri, sai dai a nan tashin hankalin da aka yi fama da shi ya ƙara fito da ita fili. Saboda haka wanda ya fahimci lamarin Maiduguri ya fahimci na garinsu.

Dalili na Farko: Raunin Tushe

Ginin kimiyya a kan karatu da lissafi yake tsaye, su kuwa a firamare ake aza su. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, yaran da suka fito sun zarce adadin da aka shirya wa nesa ba kusa ba, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa don a cike azuzuwa. Tun daga wancan lokaci yawan yara yake gudu, ingancin koyarwa na bin sa a baya.

Gwamnatin Jihar Barno ta yi abin a yaba da ta auna girman matsalar ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Rahoton kwamitin da ta kafa don gwada malaman firamare na ƙananan hukumomi 27, wanda ya fito a 2022, ya nuna cewa cikin malamai 17,229 da aka gwada, 5,439 ne kaɗai suka cancanci koyarwa. Wasu 7,975 an ga za su gyaru idan aka ba su horo, 3,815 kuwa an ga horon ma ba zai amfane su ba. Watau ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne ke iya sauke nauyin da aka ɗora musu. Babu dalilin zaton cewa da sauran jihohi za su yi irin wannan gwaji da gaskiya, duk za su fita kunya.

Ga yadda wannan ke bin yaro har sakandare. A ce masa mota ta tashi daga Maiduguri zuwa Damaturu, tafiyar kimanin kilomita 130, ta isa cikin awa biyu, mene ne saurinta? Wannan tambayar Fiziks ce, amma amsarta rabawa ce ta 'yan aji huɗu na firamare. Yaron da bai iya rabawa ba, bai san yadda ake sarrafa rabi da sulusi da rubu'i ba, bai iya juya lissafi ya fitar da abin da ake nema ba, duk ranar da malamin Fiziks ko na Kemistiri ya rubuta lamba a allo to an bar shi a baya. Zai zauna shekara uku a aji yana kwafar abin da bai gane ba, kunya kuma ta hana shi faɗa.

Dalili na Biyu: Harshe

Yaron Maiduguri yakan tashi da Kanuri ko Shuwa ko Babur ko Margi ko Fulatanci a gida, ya tsinci Hausa a unguwa da kasuwa, sa'an nan ya gamu da Turanci a makaranta. Sau da yawa Turanci ne harshensa na uku, da shi kuma ake rubuta littattafan kimiyya da takardun jarrabawa. Ga shi kimiyyar ma tana da nata harshen a cikin Turancin, mai ɗauke da kalmomin Girka da na Latin.

Wahalar ba ta tsaya ga baƙin kalmomi ba, har waɗanda yaro ya sani sukan yaudare shi. A maganar yau da kullum, ɗan dakon da ya tsaya cik da buhun gero a ka yana aiki, har gumi yake yi. A Fiziks kuwa bai yi aikin komai ba, domin ba a cewa an yi aiki sai ƙarfi ya gusar da abu daga wuri zuwa wuri. Haka nan kalmar nauyi: a Hausa ɗaya ce, amma kimiyya ta raba yawan abin da ke cikin jiki da kuma jan da ƙasa ke yi masa, kowanne da sunansa da ma'auninsa. Kalmar ƙarfi ma abubuwa uku ko huɗu take ɗauke da su waɗanda Fiziks ya bambanta. Idan malami bai tsaya ya warware irin wannan da harshen da yaro ke tunani da shi ba, sai yaro ya haddace jimlar Turanci, fahimtarsa kuwa tana nan inda take.

An taɓa gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu 'yan firamare dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararrun malamai. Sakamakon ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har sun fi su a fannoni da dama. Abin koyi a nan shi ne fahimta ce gaba, kuma Turancin kansa sai an koyar da shi da kyau. Malamin da ya bayyana darasi da Hausa ko Kanuri har yara suka gane, sa'an nan ya ba su kalmomin Turancin ya sa su rubuta da su, ya fi wanda ya karanta musu littafi daga fari har ƙarshe suna gyaɗa kai.

Dalili na Uku: Ƙarancin Malaman Kimiyya

A shekarun 1970 da farkon 1980 yawancin malaman kimiyya a makarantun Arewa baƙi ne, daga Indiya da Pakistan da Masar da Gana da sauransu. Da darajar naira ta faɗi, musamman bayan 1986, sai suka yi ta komawa, ba a kuwa horar da isassun 'yan ƙasa da za su gaje su ba. Wanda ya karanta Kemistiri ko Fiziks a jami'a yana da hanyoyin samun abinci da suka fi koyarwa maiƙo, saboda haka kaɗan ke shiga aji, waɗanda suka shiga ma da dama jiran wata dama suke yi.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Makaranta mai ɗalibai dubu takan wayi gari da malamin Fiziks ɗaya, ko babu ko ɗaya, sai a ce malamin Lissafi ko na aikin gona ya riƙe. Malamin da bai saki jiki da darasi ba yakan tsallake babin da ke ba shi tsoro, ya kuma ƙi tambaya. Makarantu da yawa da masu yi wa ƙasa hidima suka dogara, su kuwa shekara ɗaya suke yi su tafi, wani lokaci a tsakiyar manhaja. A Barno ko wannan ɗin ya yi wuya, domin an yi fiye da shekara goma ba a buɗe sansanin horonsu a jihar ba, sai a 2023.

Ga kuma asarar da rikici ya jawo. A watan Satumba na 2017 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya bayyana cewa tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a Arewa Maso Gabas, an raba wasu 19,000 da wuraren aikinsu, an kuma lalata makarantu kusan 1,400. Aji ana iya gina shi cikin wata uku, amma ƙwararren malamin Kemistiri sai an yi shekaru ana rainonsa.

Dalili na Huɗu: Kimiyya Ba Gwaji

Wannan shi ne babban dalili. Jarrabawar Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a WAEC da NECO kashi uku ce: akwai ta zaɓen amsa, akwai ta rubutun bayani, akwai kuma ta gwaji da hannu. A ta Kemistiri ana ba ɗalibi dogon bututun gilashi mai awo, ya riƙa ɗiga ruwan asid cikin wani ruwan a hankali har launi ya juya, ya karanta adadin da ya zuba, ya maimaita, ya yi lissafi. A ta Fiziks zai haɗa waya da batir da ma'auni, ko ya auna kaɗawar abin da aka rataya a zare, ko ya bi hanyar haske ta cikin gilashi, sa'an nan ya zana giraf. A ta Bayoloji za a ajiye masa ganye ko ƙwaro ko ƙashi, ya duba, ya zana, ya sa wa kowane sashe suna.

To, ɗalibai da yawa ranar jarrabawar ce ranar farko da hannunsu ke taɓa waɗannan kaya. Wata makarantar ba ta da ɗakin gwaji sam. Wata tana da ɗakin, amma an mai da shi aji ko sito. Wata kuma kayan na nan a kulle cikin kabad, shugaban makaranta na tsoron kada a fasa a tuhume shi. Akwai inda ba a sayo sinadarai sai hukumar jarrabawa ta aiko da jerin abubuwan da za a tanada, a yi wa yara gwaji ɗaya ko biyu a gurguje. Shi ya sa masu duba takardu ke ta kokawa cewa ɗalibai ba su iya karanta ma'auni ba, suna rubuta amsa ba su faɗi ko mita ce ko giram ba, suna zana giraf ba tsari, suna zana ganye ba suna.

Wannan ma tsohon ciwo ne. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, Gwamnatin Tarayya ta sayo injuna da kayan koyon sana'a masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. Da yawa a cikin akwatunansu suka ruɓe, saboda ba ɗakin da za a kafa su, ba wutar lantarki, ba malamin da ya san kansu. Sayen kaya daban, amfani da su daban.

Idan babu gwaji, abin da ya rage wa yaro shi ne hadda. Ƙasar Barno ta yi suna tun zamanin da wajen haddar Alƙur'ani da rubuta shi da ka, kuma kaifin riƙe abu baiwa ce da ke taimakon mai karatun kimiyya. Sai dai nassi ana riƙe shi ne yadda yake, ba a sauya ko wasali, ita kuwa dokar kimiyya ana son a ɗauke ta a yi aiki da ita a kan matsalar da ba a taɓa gani ba. Sai ka sami ɗalibi yana karanto dokar Ohm ba tuntuɓe, amma a ba shi batir da waya da ƙwan fitila ya kasa kunna shi, alhali sa'ansa da ke gyaran wayar hannu a Kasuwar Monday kullum abin da yake yi ke nan. A Maidugurin nan ne Mustapha Gajibo ya yi suna da ƙera motocin bas masu aiki da lantarki. Basira tana nan a gari, makaranta ce ba ta haɗa ta da littafi ba.

Ba kuwa kowane gwaji ne ke bukatar kayan ƙasar waje ba. Ruwan zoborodo ja ne, in aka matsa masa lemon tsami sai jan ya ƙara haske, in aka zuba masa ruwan kanwa sai ya juya ya yi duhu ya koma wajen kore: ga darasin asid da kishiyarsa a kofi biyu. A ɗiga lemon tsami a kan kanwa a ga kumfa na tashi, ga iskar da littafi ke magana a kanta. A ɗaura ɗan dutse a zare mai tsawon mita ɗaya a kaɗa shi, zuwa da dawowarsa kusan daƙiƙa biyu ne, yara su ƙirga da kansu, su rage tsawon zaren su ga abin da zai faru. Randar ƙasa da ke sanyaya ruwa a watan Afrilu darasi ce a kan yadda tururi ke tafiya da zafi. Ƙasar firgi da ake dasa masakwa a cikinta bayan damina darasi ce a kan yadda yumɓu ke riƙe ruwa. Gani ya kori ji, kuma abin da yaro ya yi da hannunsa da wuya ya manta shi.

Dalili na Biyar: Cunkoso da Salwantar Lokaci

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. A biranen da jama'a suka yi yawa akan sami ninkin haka a aji ɗaya, har fiye. Maiduguri ta karɓi dubban ɗaruruwan mutanen da rikici ya koro daga ƙananan hukumomi, 'ya'yansu kuma suka shiga makarantun da ke akwai. Malamin da ke gaban yara ɗari, cikin zafin da kan wuce digiri 40 a bazara, ba zai iya raba su rukuni-rukuni su yi gwaji ba, ba zai iya duba aikin kowa ba. Abin da zai iya shi ne ya cika allo da rubutu a kwafa.

Kimiyya kuwa kamar tsani take, wanda ya tsallake mataki ba ya kaiwa sama. A watan Maris na 2014 gwamnatin jihar ta rufe makarantun sakandare 85 saboda tsaro, abin da ya shafi ɗalibai kusan 120,000. A watan Afrilu na shekarar aka sace 'yan mata 276 a Chibok, waɗanda suka taru don rubuta jarrabawar WAEC. Makarantu da dama a cikin Maiduguri suka zama sansanin 'yan gudun hijira, da yawa ba su koma karatu sosai ba sai a 2016. A Jihar Yobe mai maƙwabtaka, makarantun kimiyya ne aka kai wa hari a Potiskum a 2014 da Dapchi a 2018. A watan Janairu na 2021 aka lalata turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, garin ya shafe mafi yawan shekarar cikin duhu, abin da ya sa aka gina tashar wuta mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. Ranar 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa, aka rufe makarantu, wasunsu suka sake zama mafakar jama'a. Yaron da ya rasa zango biyu a aji ɗaya na babbar sakandare, an ci gaba da shi zuwa aji biyu, amma ramin yana nan yana jiran sa a ɗakin jarrabawa.

Dalili na Shida: Gida da Zuciyar Yaro

Lissafi da Fiziks ba a ƙware a kansu sai da yawan yi. Yaron da zai tashi daga makaranta ya wuce tura baro ko tsaron shago har dare, da yarinyar da talla da aikin gida ke jiran ta, yaushe za su zauna su warware tambaya goma? Wanda ya zo aji bai karya kumallo ba, hankalinsa na cikin cikinsa. Gidaje da yawa ba littafin kimiyya ko ɗaya, sai abin da aka kwafa a allo, in malami ya yi kuskure a kwafa har da kuskuren.

Akwai kuma tsoron da manya ke dasawa ba su sani ba. Tun yaro bai shiga ajin kimiyya ba ya sha jin cewa Fiziks sai mai ƙwaƙwalwa ta daban, ko kuwa Lissafi ba na mata ba ne. Wasu kuma na ganin kimiyya baƙon ilmi ne, alhali malamin nan na Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hisabi wanda har yau masana tarihin lissafi ke ambato. A ɗaya ɓangaren kuma akwai iyayen da ke tura yaro ajin kimiyya dole don a ce ɗansu zai zama likita, ba tare da duba inda baiwarsa ta karkata ba.

Mafi muni shi ne satar amsa. Idan ɗalibi ya tabbata cewa ranar jarrabawa za a rubuta masa amsa a allo, ko za a kai shi wata cibiya da aka biya kuɗi, to ya daina karatu tun daga aji ɗaya. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, amma hukuncin da ya fi wannan zafi shi ne wanda ke jiran yaron a shekarar farko ta jami'a, inda kiredit ɗin takarda ba ya warware lissafi. Idan kuwa ya silale ya fita da shaida, jama'ar da za su kwanta a gabansa a asibiti su ne za su biya.

Abin da Kano Ta Gwada

Ba a rasa misalin gyara a Arewa ba. A 1977 Jihar Kano ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan jiha, sai ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya zalla a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ƙarƙashin hukuma ta musamman. Ana zaɓen yara da jarrabawa, a kai su makarantar kwana mai ɗakunan gwaji da ke aiki, da malaman da aka zaɓo, da lokaci isasshe na gwaji. Daga baya aka buɗe na 'yan mata. Cikin 'yan shekaru ɗaliban waɗannan makarantu suka cika sassan likitanci da injiniya na jami'o'in Arewa. 'Ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa irin na ko'ina, abin da aka sauya musu shi ne malami da kayan aiki da lokaci.

Abin da Ya Kamata a Yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata hukumomin ilmi na jihohi su fara gyara daga firamare, su tabbata yaro bai wuce aji uku ba sai ya iya karatu da lissafin farko. Kyawawan gine-ginen makarantu da aka yi a Maiduguri a shekarun baya-bayan nan abin yabo ne, cikar amfaninsu kuwa sai an zuba musu ƙwararrun malamai, an ba malaman kimiyya alawus da zai riƙe su, an kuma ware kuɗin sinadarai kowane zango kamar yadda ake ware na alli. Inda makarantu uku ko huɗu ke kusa da juna, ɗakin gwaji ɗaya mai kyau da wutar hasken rana zai ishe su idan aka tsara ranaku.

Shugabannin makarantu su buɗe kabad, gwamma kwalbar da ta fashe a hannun ɗalibi da wadda ta tsufa a kulle. Su kuma shirya darussan cike giɓi ga yaran da rikici ko ambaliya ta katse wa karatu. Malamai su shiga Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda ke aiki tun 1957, su halarci tarurrukanta na ƙara wa juna sani, su riƙa karanta rahoton masu duba takardun jarrabawa, kuma kada mako ya wuce ba a yi gwaji ko da na zoborodo da kanwa ba.

Iyaye, ko da ba su yi boko ba, suna iya ba yaro awa ɗaya ko biyu kowace rana ba aike ba talla, su sa shi ya bayyana musu abin da ya koya da harshen gida, domin wanda ya iya bayyana abu ga mahaifiyarsa ya gane shi. A taron iyaye da malamai su tambaya sau nawa aka shiga ɗakin gwaji a zangon nan, su kuma ƙi ba da ko kwabo don a taimaki yaro a ɗakin jarrabawa. Attajirai da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su tuna cewa madubin ganin ƙananan halittu guda goma a makarantar unguwa sadaka ce mai gudana.

Su kuma ɗalibai, maza da mata, su sani cewa tambaya ba abin kunya ba ce, kuma wanda ya warware lissafi biyar kowace rana tun daga aji ɗaya ba zai firgita ba ranar da aka raba takarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Likitan da zai duba marasa lafiya a Bama da Monguno nan da shekara goma, da injiniyan da zai kula da madatsar Alau, yanzu haka suna zaune a aji. Allah ya ba shugabanni da malamai da iyaye ikon sauke wannan amana, amin.